Rigar da Aka Yafa wa Baffa Sambo

Assalamu alaikum, Baba.

Gaisuwa mai yawa, irin wadda nake durƙusawa in yi maka a ƙofar zaure. Masu rubuta wasiƙa suna cewa da fatan ta same ka lafiya. Ni ban san me zan ce ba, don na san wannan ba za ta same ka ba, ba kuma wanda zai karanta maka ita. Allah Ya kai haske kabarinka. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji huɗu na tsaya. Amma akwai abin da ya yi wata guda yana damuna, kuma ba wanda zan faɗa wa a gidan nan ba a ce na yi rashin kunya ba.

Bari in fara da na gida. Inna ta fita takaba lafiya. Ta rame, amma tana cin abinci. Har yanzu in ta dama kunu takan zuba a kofinka kafin ta tuna. Raken fadama ya yi kyau, mun kai Makarfi. Ɗakin da ke yoyo na sake masa kwano biyu kafin ruwa ya sauka. Akuyar nan mai satar dusa ta haifi biyu, kuma da alama sun gado ta. Ni ina nan a shagon wanki da guga a Makarfi, duk Juma'a ina dawowa Nasarawan Doya in duba Inna.

To, maganar Baffa Sambo ce, Baba. Amininka na ruga, wanda shanunsa ke kwana a gonarmu duk rani tun ba a haife ni ba, su bar mana takin da ya sa masararmu ke fin ta maƙwabta. Ɗansa Hammadi ya zo har gida ya ce za su kwashe shanun, ba kuma za su dawo ba. Mu muka ja. Wata shida kacal da tafiyarka, mun taɓa abin da ka shekara talatin kana riƙewa.

Ka tuna yadda kake zaɓar kayan Sallah? Ba ka taɓa samun halin ɗinka wa kowa sabo ba, gwanjo ne, kuma ba ka taɓa ɓoye cewa gwanjo ne ba. Amma wuni guda kake yi a kasuwa. Ka sansana wuyan riga. Ka ɗaga ta ga rana ka ga inda ta sirance. Ka juya cikinta ka bi ɗinkin da farce, ka zura hannu a kowane aljihu. Kyan abu bai taɓa sa ka saya ba, sai ka tuna wani abu game da wanda za ka ba. Inna tana jin sanyi a tafin ƙafa, sai safa mai kauri. Ladan yana tari da asuba, sai mayafin wuya. In ka kawo, sai an wanke sau biyu, an shanya, an goge, an turara, kafin ya bar gidan nan.

Na Baffa Sambo ne ya fi cin lokaci. Ka san yadda yake tafiya bayan shanu, sanda a gicciye a bayan wuya, hannaye biyu rataye a kanta. Ka ce duk rigar da ta matse a hammata ba za ta yi masa sati ba. Shi ya sa kake zuwa kasuwa da sanda, ka sa kwat ɗin a jikinka a tsakiyar mutane, ka gicciya sandar, ka rataya hannaye, ka yi taku uku ka dawo. 'Yan gwanjo suna dariya suna cewa Malam Garba ya koma kiwo, ina shanun?

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Kunyarka nake ji a lokacin. Nakan zame in tsaya wajen masu rake in yi kamar ban san ka ba. A raina ina cewa duk wannan wahala a kan rigar da wani ya riga ya gaji da ita? Sau nawa ka waiwayo kana nemana ka tambaye ni ko ta zauna a kafaɗa, ka ga ba na nan? Ka gane, Baba? Ina jin ka gane, ka ƙyale ni.

Bana Yaya Kabiru ya ce shi zai ɗauki nauyin kayan Sallah a madadinka. Ka san tunda ya zauna Kaduna yake ta rawar ƙafa a kan kujerar kansila. Ana saura kwana uku Ƙaramar Sallah sai ga shi da a-kori-kura, an ɗoro dilar gwanjo guda. Ba ta kirki ba. Irin wadda 'yan kasuwa suka riga suka tsince, aka tattara sharar aka sake ɗaurewa. Da aka yanke ɗaurin a tsakar gida, warin da ya taso sai da kaji suka matsa. Warin magani ne haɗe da tsohon gumin mutanen da ba mu sani ba. Safa ƙafa ɗaya-ɗaya. Rigunan sanyi masu gashi, a wannan zafin da ko ƙarfe gumi yake. Rigunan mama a cakuɗe da wandunan maza. Wani wando da tabo a mazaunai, ba sai na faɗa maka na mene ne ba. Na zura hannu a aljihun wani kwat, yadda ka koya mini, na ciro hankici ya bushe ƙamas da majinar wani.

Na ce a bar ni in wanke. Yaya ya ce ba lokaci, in dai bi su da dutsen guga su miƙe, ai hoto ba ya wari. Haka ya ce, Baba, yana dariya. Kai ba mai guga ba ne, amma ka san abin da zafi ke yi wa datti. Yana tashe shi. Duk abin da ya kwanta a zaren sai ya farka ya shiga hancinka. Na yi wuni ina goge ƙazantar wasu ina naɗe ta da kyau, sau biyu ina zagayawa bayan gida in tofar da yawu. Inna ta leƙo sau ɗaya, ta ja mayafi ta rufe hanci, ta koma ɗaki.

A cikinsu na ga rigar. Doguwa, ruwan hoda, mai santsi da sheƙi, da leshi a bakin hannu da wuya, da igiya a ƙugu. Na san ta. Matan ma'aikata suna kawo irinta shagonmu, a cuse a tsakiyar zannuwan gado don kada a gani. Rigar da mace ke sawa a ɗakin mijinta ce, ko tsakar gida ba a fitowa da ita. Akwai shafin jan baki a wuyanta, da wani dogon gashi mai launin gemun masara ya sarƙe a leshin. Na naɗe ta na tura ƙarƙashin tabarma.

Washegari aka yi rabon a ƙofar zaurenka. An rataya wani ƙyalle da hotonka, wanda aka ciro daga katin zaɓe, inda ka zaro ido kamar an tsorata ka. A gefensa hoton Yaya ya ninka naka girma. Aka jera mutane, waɗanda kake zama da su a tabarma ɗaya, kowa a miƙa masa abin da hannu ya kai, ya riƙe a ƙirji, a ɗauke shi a waya. Ladan ya samu wandon da ko cinyarsa ɗaya ba za ta shiga ba. Ya juya shi, ya ce Allah Ya jiƙan Malam Garba, kuma yadda ya faɗa kowa ya san abin da yake nufi.

Baffa Sambo bai zo don rabo ba. Ya zo ne yadda ya saba duk gab da Sallah, da ƙwaryar nono da man shanu na Inna. Ya zauna daidai inda kuke zama, yana share ido da bakin rawani. Yaya na ganinsa sai fuskarsa ta washe. Na ji yana ce wa mai ɗaukar hoton ga wanda ake nema, manomi da makiyayi, wannan shi zai tafi. Ya shiga neman abu mai ɗaukar ido a tarin kayan, bai samu ba, sai ƙafarsa ta ja tabarmar. Ya ɗaga rigar, ta yi walƙiya a rana. Da hannunsa ya yafa wa Baffa, ya ɗaure masa igiyar, ya ce alkyabbar ƙasar waje ce, ya ajiye ta musamman saboda aminin Baba.

Ka san yanar da ta rufe idon Baffa, sai haske da inuwa yake gani. Ya shafa santsin da tafin hannunsa da ya faffashe, ya ce bai taɓa sa abu mai laushi haka ba. Ya yi maka addu'a mai tsawo.

Taku uku ne tsakanina da su. Ban ce komai ba.

Me ya hana ni? Na ce wa kaina ƙane ba ya gyara wa yaya a gaban jama'a. Na ce in an watse zan bi shi. Da aka watse na ce gobe. Gobe ta yi, ga kayan Sallah sun cika shago, na ce ai in ya kai ruga matan za su gane su karɓe. Kullum kana yabona a gaban mutane, kana cewa Hamisu ya fi kowa haƙuri a gidan nan. Baba, rabinsa haƙuri ne. Rabin tsoro ne, na lulluɓe shi da sunan da ka ba ni.

Ranar Sallah ya zo filin idi da ita a kan tsohuwar rigarsa. Matan rugar ma ba su san ta ba, ina za su sani? Ya ratso sahu da sandarsa, leshin yana kaɗawa, ya je sahun gaba gefen inda kake tsayawa. Dattawa suka sunkuyar da kai. Samarin da suka dawo hutu daga birni suka fara taɓa juna, sai wayoyi suka fito. Dariyar ba ta da ƙarfi, irin wadda ake dannewa ce tana fita ta hanci, amma ta bi sahu har baya. Ana kabbara wasu kafaɗunsu na rawa. A filin idi, Baba, da alwala a jikinsu. Ni kuma ina sahu na huɗu ina kallon tabarmata.

Kafin la'asar an sa wa bidiyon kiɗa. Wani ma ya ƙara rubutu a kai wai amaryar ruga. Abokin aikina ɗan Likoro ya nuna mini a shago yana ƙyaƙyatawa, bai san na san mutumin ba. An haɗa shi da na ranar rabo, ga zauren gidanmu a farkon bidiyon, ga hotonka a rataye.

Kwana huɗu bayan haka Hammadi ya zo. Ya gaida Inna a tsaye, gaisuwa biyu. An kawo masa ruwa bai taɓa ba. Ya ce a wannan zamanin da kowa ke neman abin da zai ce a kan ɗan Fulani, bai zaci daga gidan Malam Garba za a fara ba. Ya ce da ma akwai mai gona a Taba da ya daɗe yana roƙon su kai masa shanu. Da ya juya zai fita, Inna ta kira sunansa sau biyu, bai waiwayo ba.

Na kira Yaya. Ka san abin da ya ce? Wai shi don Allah ya bayar, kuma mutumin daji ina ya san ta mata da ta maza, da ba a faɗa ba ai da yana nan yana jin daɗinsa. Wai taki kuwa buhu ake sayarwa yanzu, in daina ƙauyanci. Kuma wai hoton ya samu karɓuwa sosai. Na riƙe wayar nesa da kunnena kamar yadda na riƙe hankicin nan. Ciki ɗaya muka fito da shi, Baba. Hannu ɗaya ya ciyar da mu. A ina ya tsinto wannan?

Ranar kasuwar Makarfi na ɗauki sandarka. Na bi rumfunan gwanjo tun hantsi, ban ga abin da ya yi ba. Damina ce ke tafe, rigar ruwa Baffa yake buƙata, amma duk waɗanda na gani ko ledar banza ce mai yagewa, ko sun matse. Sai da na je Ikara na same ta a ƙasan wani tari: koriya mai duhu, mai nauyi, da hular kanta, ta sauko har gwiwa. Na sansana. Na ɗaga ta ga rana. Na bi ɗinkin. Sannan na sa ta a wannan zafin, na gicciya sandar, na rataya hannaye na yi taku. Mai rumfar ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga sabon Bafulatani, ya ce saura in yi musu kukan saniya. Na ce ya bari in gama awo tukuna. Hammatar ba ta ja ba. Zif ne da ita, yatsun Baffa kuwa sun sandare, sai na kai wa tela ya cire ya sa manyan maɓallai. Na wanke ta sau biyu. Inna ta turara.

Da safe na tafi rugar. Hammadi ya tare ni a wajen turken maruƙa. Ya dubi ƙullin hannuna ya ce wannan karon ta amarya ce ko ta uwargida?  Sai ya gaya mini abin da ban zata ba: tsohon bai san komai ba. Ba wanda ya nuna masa, ba wanda ya faɗa masa. Ya ce a wurinsu ɗa ba ya buɗe baki ya gaya wa mahaifinsa irin wannan. Rigar tana nan a naɗe a jakar da yake ajiye Alƙur'aninsa, yana jiran Babbar Sallah ya sake sawa. Shi ya sa ma suke son su yi nisa kafin lokacin. Ya ce in akwai namiji a gidanmu, ya shiga ya faɗa da bakinsa.

Na so in ajiye rigar ruwan in ce Inna na gaisuwa in juyo. Wallahi na so. Amma na shiga.

Baffa ya yi murna da jin muryata. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi rake, ya tambayi Kabiru mai alkyabba. Nan na faɗa masa. Ban iya kwalliyar magana ba, na faɗa yadda take: rigar mata ce, ta cikin ɗaki, kuma an ɗauke shi a waya an yaɗa. Yana tauna goro, sai ya daina. 

Ya tambaya ko Kabiru ya sani. Na ce ban sani ba, amma bai damu ya sani ba. Sai ya ce ni fa? Na ce na sani. Tun yaushe? Na ce tun kafin a yafa masa. Ya juyar da fuskarsa wajen zana.

Abin da ya faɗa bayan nan shi ne ya hana ni sakat. Ya ce ya ji dariyar a filin idi. Ya ce kunnensa ai bai yi yana ba. Ya ɗauka mutane murna suke taya shi, ganin gidan amininsa bai manta da shi ba, har ya ɗaga musu hannu.

Na miƙa masa rigar ruwan. Bai sa ba. Ya lalube ta da hannu, ya tsaya a maɓallan, ya zura yatsu a hammatar ya ja. Ya tambaya wa ya gaya mini wannan. Na ce ba wanda ya gaya mini, daga nesa nake kallo. Ya ajiye ta a gefen cinyarsa, bai ce na gode ba, ban kuma ga laifinsa ba. Ya sa aka ciro waccan daga jakar aka cusa a leda, ya ce in kai wa Kabiru hannu da hannu, ya ba matarsa, ita ta san inda ake sawa. Ya ce in gaya masa an yi raka'a biyu a cikinta, ba mamaki karon farko ke nan.

Sannan ya kira Hammadi ya yanke magana a gabana. Shanu za su zauna a gonarmu har ruwan farko, don da kai ya yi wannan alkawarin, ba da mu ba. Na baɗi kuwa, ya ce shanun yanzu a hannun Hammadi suke, shi zai duba ya ga ko akwai sauran wanda za a yi magana da shi a gidan. Hammadi ya raka ni har bakin burtali. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai ce ranar da za su tashi in zo a cire turaku da ni. Zan je. Ledar kuma tana ƙarƙashin teburin guga, ranar Asabar zan hau motar Kaduna da ita, kuma ba ajiyewa kawai zan yi in juyo ba.

Abu ɗaya ne Baffa ya ce ba ya canzawa. Ba zai ƙara sallar idi a filinmu ba. Ya ce ba fushi ba ne, ƙafarsa ce ba za ta iya ratsa sahun nan ba. Zai riƙa tafiya Taba, inda ba a san shi ba. Na roƙe shi, ya ce bari, Hamisu, kwana biyu ka samu kafin idi, ka makara.

To ka ji, Baba. Babbar Sallah saura 'yan makonni. A sahun gaba wuri biyu ne zai zama babu kowa, naka da nasa. Naka Allah ne Ya ɗauka. Nasa kuwa ina tsaye, taku uku, aka ɗauke shi.

Ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta, Ya haɗa mu a inda ba a jin kunyar juna. Na bar ka lafiya.

Ni ne ɗanka,
Hamisu mai guga, Nasarawan Doya.